Kasuwar mako: ta kayan gona ce, ba ta kayan lantarki ba

Rana ɗaya tak a mako ake rufe babban titin garin, a kafa rumfuna gefe da gefe, manoman ƙauyukan kewaye su kasa kayansu a ƙasa. Ƙaramin gari ba shi da yawan masu sayen da za su riƙe ɗan kasuwa kullum, shi ya sa fatake ke zagaye: yau nan, gobe garin gaba, kowane gari da ranarsa.

Abin da ke kai ni shi ne kayan gona. Ganyen da aka yanko da asuba ba ya ɓoyuwa, yana da sheƙi, ka karya shi ya yi ƙas. Wanda ya noma shi ne ke sayar maka, ba dillali a tsakani, kuma idan ya saba da fuskarka gyaran da zai ƙara maka ya fi ragin da za ka samu da dogon ciniki. Akwai wata dattijuwa mai ƙwai a bakin layin farko, ba ta bari ka ɗauka sai ta ɗaga kowanne ta duba shi a hasken rana. Ni ban ƙara sayen ƙwai a kanti ba.

Amma sai ka yi sammako. Kafin hantsi 'yan sari sun kwashe mai kyau. Da yamma, idan kasuwa ta kusa watsewa, farashi yana karyewa don ba mai son komawa gida da abin da zai ruɓe, sai dai ragowar zaɓen wasu za ka tarar.

Layin 'yan koli kuwa, a yi hattara. Wuƙa, bokiti, igiya, duk ba laifi. Cajar waya da tocila fa? Idan ta mutu da daddare, mai ita ya riga ya yi gaba, sai wani makon, in ma ya dawo. Ba rasit, ba mayarwa.

Babban ƙorafina yana kan masu kula da kasuwar. Suna karɓar kuɗin rumfa ba fashi, amma babu banɗaki mai tsafta, babu famfo, kuma ruwan sama na sauka sai wurin ya koma taɓo. Wurin ajiye abin hawa ma sai ka yi nisa.

Ka taho da jakarka da canji, don masu kasa kaya a ƙasa ba kasafai suke da canjin babbar takarda ba.