Robobin motsa jiki masu kala biyar: sun dace da ɗalibin likitanci a Idi-Araba?

Daga Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba zuwa babban filin wasa na Surulere don motsa jiki ba wata tazara, amma cunkoson yamma kan cinye awa guda a hanya. Ɗalibin da jarrabawar MB ta biyu (ɗaya daga manyan jarrabawoyin digirin likitanci) ke gabansa, ko wanda ya fara zagayen majinyata a LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar, ba shi da wannan awar. In ma ya same ta, ita yake so ya ba zanensa ko rubutun waƙarsa. A nan robobin nan suka yi rana.

Ƙunshin da aka fi samu a shagunan kayan wasanni da kuma Jumia kaya 11 ne: roba biyar, mariƙi biyu, maɗaurin idon sawu biyu, maƙalin ƙofa da 'yar jaka.

Babban amfaninsu shi ne ja. Mai karatu da mai zane zamansu ɗaya, kai a sunkuye, kafaɗu a gaba, har tsokokin da ke tsakanin allunan kafaɗa su yi sanyi, wuya ya fara ciwo. A maƙala robar a ƙofa daidai ƙirji, a jawo gwiwar hannu baya, a matse kafaɗu daƙiƙa biyu, a saki a hankali. Sau 12 zuwa 15, zagaye uku, da hutun minti ɗaya. Sai a taka robar da ƙafa biyu a yi tsugunno da miƙewa, sannan a juya wa ƙofa baya a tura gaba. Minti 20 ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, da aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki. Roba na biyan na farko, na biyun kuwa sai da tafiya da sauri ko hawan bene.

Aibinsu dai ba ƙarami ba ne. Nauyin da aka rubuta a jikinsu ba abin dogaro ba ne, domin ƙarfin roba na ƙaruwa ne gwargwadon jan da aka yi mata. Sun fi tsinkewa a mahaɗarsu da ƙugiya, don haka a duba wurin kafin kowane amfani. Roba ta tsinke ta daki ido ba wasa ba ne, kada a ja ta ya wuce ninki biyu da rabi na tsawonta. Maƙalin ƙofa a sa shi ta ɓangaren hinji, a kulle ƙofar, musamman a ɗakin hostel da ake shiga ba sallama. Zafin rana da man basilin suna lalata latas, wato abin da ake yin robar da shi, saboda haka a wanke hannu, a ajiye su cikin jakarsu nesa da taga. Wanda safar hannu ta asibiti ke sa masa ƙaiƙayi ya nemi roba marar latas.

Mai zane ko zayyana ya fara gama aikinsa kafin ya ɗauki roba, don yatsu kan ɗan yi rawa bayan riƙo mai ƙarfi, layin biro ba zai miƙe ba.

Ga mai neman ƙaton ƙwanji ba za su wadatar ba, sai ƙarfe. Ga ɗalibi mai ƙaramin ɗaki da ƙarancin lokaci kuwa sun cancanci kuɗinsu, in ya zaɓi mai ƙugiyar ƙarfe da ɗinki mai kauri.