All-Star Superman: na karanta, kuma na lashe amaina

Ni dai tun da daɗewa ina cikin masu cewa labarin Superman ba shi da armashi. Mutum ne harsashi bai huda shi, yana tashi sama, idonsa na fitar da wuta, numfashinsa na daskarar da ruwa, yana hango abin da ke bayan bango, toh wa kuma zai tare shi? Kana buɗe shafin farko ka riga ka san wanda zai sha kashi. Da wannan ra'ayin na sayi All-Star Superman, littafin komik wato labari cikin zane, wanda Grant Morrison ya rubuta Frank Quitely ya zana, kamfanin DC suka fitar da shi kashi 12 daga 2005 zuwa 2008, ni wanda aka haɗe a littafi ɗaya na samu, kuma maganar gaskiya kafin in kai rabi na san cewa surutu kawai nake yi a baya.

Ga wanda bai sani ba, duk ƙarfin Superman daga rana yake. Ranar duniyarsu ta Krypton ja ce, a can shi ba kowa ba ne, tamu kuma ruwan ɗorawa ce, jikinsa na zuƙar haskenta kamar batir. Sai Lex Luthor, babban abokin gabarsa, ya yi tunanin da ban taɓa yi ba, ya shirya maƙarƙashiya wa wani jirgin masu bincike da ya je dab da rana, dole Superman ya je ceto, ya kwashi hasken da ya fi ƙarfin jikinsa. Ya dawo ƙarfinsa ya ninka, har aka gwada shi da nauyin da adadinsa ma ba ya kama kai ya ɗaga da hannu ɗaya, amma ƙwayoyin jikinsa sun fara fashewa, mutuwa zai yi. Zuma ga zaƙi ga harbi kenan. Duk wannan a kashi na 1 fa, sauran littafin mutum ne da ya san kwanansa ya kusa ƙarewa yana ta ƙoƙarin kammala abin da ya rage masa.

Abin da ya sa wannan ya burge ni sai ka duba yadda aka saba yi. Lokacin da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a 1938 ko tashi sama bai iya ba, tsalle yake yi, marubuta ne suka yi ta ƙara masa ƙarfi har ya fi ƙarfinsu su ma, sai aka nemo masa lago. Kiriftonait, wato dutsen da ya gutsuro daga Krypton bayan ta fashe, ya fara fitowa a wasan rediyo a 1943, ya shigo komik a 1949, daga nan kuma shikenan aka samu abin yi, kore ya raunana shi har ya kashe, ja ya sa shi wasu abubuwa na ban mamaki na ɗan lokaci, mai ruwan zinare ya kwashe ƙarfin gaba ɗaya. Ga tsafi da ke kama shi kamar kowa, ga dalma da idonsa bai iya ratsawa, ga jar rana. Ni duk wannan ragwancin marubuci nake gani wallahi, duniyar da ta fashe can nesa amma kowane ɗan ƙaramin ɓarawo na da gutsurenta a aljihu, haba dan Allah.

A nan kuwa tun kashi na 2 aka yi waje da koren dutsen. Lois Lane, 'yar jaridar da yake so, ta harbe shi da bindigar kiriftonait ko gezau bai yi ba, hasken da ya sha ya sa abin ya daina kama shi. Kamar marubucin na ce maka ajiye wannan, zo ka ga inda yake jin ciwo da gaske.

Kuma kashi na 6 ne wurin. An koma lokacin yana saurayi a Smallville, garin da ya girma, wani dodo mai cin lokaci ya bayyana, Clark Kent, wato Superman a sunan da yake ɓoye kansa da shi cikin mutane, da zafin kai na ƙuruciya ya tafi faɗa da shi, dodon ya cinye masa minti 3 kacal, a cikin minti ukun nan zuciyar babansa Jonathan Kent, wanda ya tsince shi ya raine shi, ta buga a gona. Yaron da kunnensa ke jin komai sai ya nemi bugun zuciyar babansa ya rasa, ya taso da gudun da har gashin kansa ya kama da wuta, ya iso an riga an gama. Babu dutse babu tsafi babu Luthor, ciwon zuciya ne irin na kowa. Na ajiye littafin na ɗan jima kafin in ci gaba, ba zan ɓoye ba.

Sai kashi na 10, shafi ɗaya tak, wata yarinya a saman dogon bene tana shirin faɗowa don ta ɗauka likitanta ya yi watsi da ita, alhali hanya ce ta riƙe shi, Superman kuma ya ji likitan na magana a waya tun da farko. Bai ɗaga komai ba bai naushi kowa ba, ya sauka bayanta ya faɗa mata gaskiyar abin da ya faru ta rungume shi. Cikin duk baiwarsa ashe kunnen ne ya fi amfani, ni da nake ganin shi ne mafi rashin daɗin kallo.

Ba komai ne ya yi min ba fa. Kashi na 7 da na 8 na duniyar Bizarro sun gajiyar da ni sosai, mutanen can komai a juye suke faɗa, a'a na nufin eh, sai ka karanta layi sau uku kafin ka gane, har kaina ya fara ciwo, duk da dai a can ne jan haske ke tsotse ƙarfinsa a hankali har ya koma neman taimakon mahaukata, wannan ɗin ya yi. Sannan ana jefo maka abubuwa ba bayani, birnin Kandor da ke cikin kwalba, Samson da Atlas suna zawarcin Lois a ranar da ya ba ta irin ƙarfinsa na awa 24, makullin gidansa ɗan ƙarami mai nauyin tan rabin miliyan, in ba ka san tsoffin labaran shekarun 1950 da 1960 ba sai dai ka gyaɗa kai ka wuce.

Zanen Quitely kuma sai ka saba da shi, fuskokin mutanensa duk a yamutse kamar an wanke ba a goge ba, farko na ce wannan wane irin Superman ne. Amma ku dubi yadda yake zana Clark Kent, ƙato a duƙe, kafaɗa a zube, ƙafa na harɗewa, yana tuntuɓe yana ture mutum ashe ceton ransa ya yi ba wanda ya lura, a nan ne kaɗai na yarda tabarau zai iya ɓoye mutum.

In faɗa kake nema kowane shafi, wannan ba naka ba ne, naushin kaɗan ne. Ba sai ka karanta wani komik kafin shi ba don labarin a ware yake da sauran. In za ka saya ka nemi na takarda, zanen faɗi gare shi, na gwada duba wasu shafukan a waya sai zuƙowa nake ina matsarwa har shafin yarinyar nan ya rasa rabin nauyinsa.