fx-991ES Plus ko fx-82MS, wanne ya fi dacewa da kalkulas?

Ƙanena ɗauki Casio fx-991ES Plus ɗin kawai, kar ka tsaya dogon tunani. Tunda kace kiyasi da miƙaƙƙen layi ne yaƙi shiga kanka, maɓallin d/dx ɗin nan mai fitar da gangaren layi kaɗai ya isa ya raba gardama, SHIFT zaka danna sai maɓallin ∫, kuma 82MS ba shi da shi kwata kwata.

Ni nawa tun ina aji ɗaya a jami'a yake hannuna, murfin har ya tsage amma wallahi lafiya lau yake aiki, yanzu ma ƙanwata ce ke aro. Da shi abin ya zauna min. Ai duk labarin shine idan ka matso kusa da wuri ɗaya a kan lanƙwasasshen layi zaka ganshi kamar miƙaƙƙe, shi yasa ake cewa f(x) ≈ f(a) + f'(a)(x − a), inda a shine wurin da ka riga ka san amsarsa, f'(a) kuma gangaren layin a wurin. Ɗauki √26. Ka san √25 = 5, gangaren √x a 25 kuma 1/10 ne, idan kana kokwanto ka sa a d/dx zai baka 0.1, to kiyasinka 5.1 kenan, ainihin amsar kuma 5.0990. Ka ga kusan babu bambanci.

Inda na fi jin daɗinsa shine TABLE, a MODE 7, mai jero maka amsoshi na x daban-daban. Rubuta √x − (5 + (x − 25)/10), ka fara daga 25 zuwa 50 ɗaya bayan ɗaya, sai ka zauna kana kallon yadda kuskuren yake girma, a 26 wajen −0.001, a 30 wajen −0.023, a 36 ya kai −0.1 cif, a 50 kuwa ya wuce −0.4, layin yace 7.5 alhali amsar 7.071 ce. Anan mutum yake gane dalilin da yasa lakcara yake ta nanata a zaɓi a ɗin da ke kusa, √50 daga 49 ake tashi ba daga 25 ba, 7 + 1/14 = 7.0714. Banda na 25 da yake sifili, duk lambobin sun fito da alamar ragi saboda √x lanƙwasawa yake ƙasa, miƙaƙƙen layin, wato tanjent, kullum yana samansa.

82MS kuwa, to, yana lissafi dai kuma ya fi araha. Na taɓa siya, na bawa yaron maƙwabta dake sakandare.

Amma fa d/dx lamba kawai yake bayarwa a wuri ɗaya, ba zai rubuta maka 1/(2√x) ba, wannan da hannunka zaka fitar a jarabawa in kana son maki. Sannan in kazo kan sin x ≈ x ka tabbata ma'aunin kusurwar kalkuletan yana kan Rad (radian) ba Deg (digiri) ba, sin 0.1 ya baka 0.0998, in ka ga 0.0017 to a Deg kake.

Sai kayi hattara da masu shago, jabu ya cika kasuwa, kwalin iri ɗaya sak har da sunan. Wani ma zai rantse maka orijinal ne, wani kuma in babu 991 a shagonsa sai yace ai duk ɗaya ne da 82MS. Kafin ka miƙa kuɗi ka kunna a gabansa, ka gwada d/dx na √x a 25 da TABLE ɗin, ka duba ko rubutun allon ya fito raɗau kuma maɓallan basa maƙalewa. In farashin yayi arha da yawa ka ajiye masa kayansa ka ƙara gaba.