Zaki ko Damisa a Tambarin Mulki

Masarautar da ta ɗora zaki a tambarinta tana shelar ƙarfin da kowa ke gani a fili, shi ya sa sarakunan Turai suka rungume shi. Damisa kuwa, wadda ake yi wa kirari da "ƙi sabo", kuma wadda ta fi burge ni, kwarjininta na ɓoye ne, domin ita kaɗai take farauta, galibi da dare. Oban Benin, wato sarkin masarautar Benin da ke kudancin Najeriya, ya ɗauke ta alamar sarautarsa, kuma damisa biyu ke riƙe da garkuwar tambarin Somaliya tun 1956.

Su kansu zakuna ukun da ke tambarin sarautar Ingila, na zamanin Sarki Richard na Ɗaya, an daɗe ana kiransu damisa, domin da wannan suna ne masana tambari suke kiran zakin da ke tafiya yana fuskantar mai kallo.