Gargaɗi: dala 190 na biya a kan littattafan MCAT, aka yi mini ungulu da kan zabo

Dala 190. Ina ta maimaitawa ne don har yanzu abin bai zauna mini ba. Dala 190 a kan jerin littattafai guda bakwai na shirin MCAT, jarrabawar neman shiga makarantun likitanci, wai sabon bugu na 2024–2025, ashe biyu ne kawai a ciki na gaske. Sauran biyar ɗin tsofaffi ne na kafin 2015 aka ɓare musu bango aka liƙa sabo. Wanda ya sayar mini ya toshe lambata, ya goge tallar, ya yi ɓatan dabo. Allah ya isa.

Kafin wani ya ce ai ganganci na yi, a tsaya. Na tambayi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ya turo. Na duba ta a shafin kamfanin da ya buga littattafan, ta dace. Na ce ya ɗauko mini hoton shafin haƙƙin mallaka, ya ɗauko, shekara daidai. To me ya rage? Abin da ban yi ba shi ne ban ce ya ɗauko na kowane littafi ɗaya bayan ɗaya ba. Hotuna biyu ya turo, na bayokemistiri da na halayyar ɗan Adam, ya ce, "Yallaɓai, sauran suna cikin leda, in na farke ta darajarsu ta faɗi." Ni kuma na ce haka ne. Wannan "haka ne" ɗin ita ce ta ci dala 190. Da bakina na faɗe ta.

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, zaɓen waɗannan biyun ba bisa kuskure ba ne. Mutumin ya san jarrabawar. A watan Afrilun 2015 ne hukumar AAMC, mai shirya MCAT ga masu neman shiga makarantun likitanci na Amurka da Kanada, ta sauya tsarinta gaba ɗaya. Kafin nan sassa uku ake ba wa maki, kowanne daga 1 zuwa 15, jimilla 45. Yanzu sassa huɗu ne, kowanne daga 118 zuwa 132, jimilla daga 472 zuwa 528, tsakiya 500. Abin da aka ƙaro shi ne sashe guda sukutum na ilimin halayyar ɗan Adam da zamantakewa, sannan aka ba bayokemistiri babban muhalli. Ke nan waɗannan littattafai biyu ba su da tsohon da za a yi musu canji da shi, dole ya sa na gaske. Su ya nuna mini. Sauran biyar, wato bayoloji, kemistiri kashi biyu, fiziks da littafin nazarin rubutu, suna da tsofaffi birjik da babu mai so ko kyauta.

Ban ma gano ranar da kwalin ya iso ba. Kwalin na gaske ne, bangwaye suna sheƙi. A'a, tsaya, tun ranar na ga abu ɗaya na share: gefen littattafai biyar ɗin takardarsu ta ɗan yi rawaya, ta sauran biyun fara tas. Na ce wataƙila bambancin injin bugawa ne. Sai bayan kwana tara, a gabatarwar littafin nazarin rubutu, na ci karo da jimlar da ke cewa sashen yana da tambayoyi 40 cikin minti 60. Tsohon tsari ke nan. Wannan sashen, da ake kira CARS yanzu, tambayoyi 53 ne cikin minti 90, sauran sassa ukun kuwa 59 kowanne cikin minti 95, duka 230. Na buɗe gaba, sai ga babi guda kan yadda ake rubuta insha'i, da makinsa na haruffa daga J zuwa T. An cire wannan sashen tun 2013. Wato littafin bai tsaya a tsufa da sauyi ɗaya ba, sauyi biyu ya tsallake.

Na juya neman shafin haƙƙin mallaka, wanda ke bayan shafin take. Babu. An yanke shi da reza, kusa da ɗauri, in ka buɗe littafin sosai za ka ga ɗan siririn ragowar takardar kamar faɗin farce. Duk biyar ɗin haka. A bayan bango kuma, inda zanen layukan nan da ake haskawa a kanti yake, yatsa na jin tudu. Sitika ce. Zan ɗora hotunan duka, da hirarmu daga farko har inda ya toshe ni, da shaidar tura kuɗin, in na gama rufe abin da bai kamata a gani ba.

Tunda na riga na biya kuɗin darasin, ga yadda ake gane bugu.

Bango ba shaida ba ne. Shekarar da ke kan bango talla ce, kuma ko a littafi na gaske tana gaba da shekarar bugawa: wanda aka rubuta wa 2024–2025 galibi tun tsakiyar 2023 ya fito, don haka in ka ga 2023 a shafin haƙƙin mallaka kada ka tayar da hankali. In ka ga tazarar shekara uku ko huɗu, to akwai magana.

ISBN lamba 13 ce tun daga 2007, tana farawa da 978 ko 979. Kowane sabon bugu da aka yi wa gyara yana da tasa. Ga inda aka kama ni: kwalin jerin yana da lambarsa daban, kowane littafi a ciki kuma yana da tasa daban. Bakwai da ɗaya, takwas. Ni ta kwali kawai aka ba ni, kuma kwalin ai na gaske ne. A kowane littafi lambar tana wuri biyu, bayan bango da shafin haƙƙin mallaka, dole su zama ɗaya. Akwai lissafin da ake gwada ta da shi: ka ninka lambobin da 1 da 3 bi da bi tun daga ta farko, ka haɗa, jimillar ta rabu da 10 ba saura. Amma lissafin nan, lambar da aka ƙaga kawai yake kamawa. Wadda aka kwafo daga littafi na gaske aka buga a sitika za ta tsallake lafiya lau, kamar yadda tawa ta tsallake. Gara ka sa lambar a shafin kamfanin da ya buga littafin ko a WorldCat, kundin littattafan ɗakunan karatu na intanet, ka duba yawan shafuka, sannan ka ce mai sayarwa ya nuna maka shafin ƙarshe. Ɗan damfara yana iya sauya bango, ba ya iya ƙara wa littafi shafi ɗari.

Akwai kuma jerin lambobi a ƙasan shafin haƙƙin mallaka, irin 10 9 8 7 6 5 4 3 2 1. Mafi ƙanƙantar lambar da ta rage ita ke nuna karo na nawa aka maimaita bugawa. Wannan ba sabon bugu ba ne, abin da ke ciki ɗaya ne, ISBN ma ba ta sauyawa. Masu sayarwa suna fakewa da wannan su ce maka "bugu na uku". Tambaye shi, na uku a gyara ko na uku a maimaici?

Gaskiya guda da ya kamata in faɗa, ko da raina a ɓace yake: ba dole ne sai bugun bana ba. Tun 2015 ba a sake rushe tsarin ba, in ban da gajartawar wucin gadi da aka yi a 2020 saboda korona, aka koma yadda ake a 2021. Bugun shekara biyu ko uku da suka wuce yana aiki, bambancin yawanci gyaran kurakurai ne da sauya wasu tambayoyi. Da mutumin nan ya ce mini na 2021 ne, ya rage kuɗi, da mun rabu lafiya. Abin da ake rasawa a na hannu shi ne damar shiga jarrabawar gwaji ta intanet, don sau da yawa mai littafin na farko ya riga ya yi rajista da ita ko wa'adinta ya ƙare. Amma na kafin 2015 cuta ce tsagwaronta. Za ka zauna kana haddar abin da aka rage wa nauyi, kana auna kanka da agogon da ba shi ba ne, alhali jarrabawar nan sau uku kawai ake yarda ka zauna a shekara, sau huɗu a shekara biyu a jere, sau bakwai a rayuwa. AAMC ta fitar da jadawalin abin da ke cikin jarrabawar kyauta a shafinta, ginshiƙai goma ne, biyar na ƙarshe duk na halayya da zamantakewa. Ka ajiye shi kusa da jerin babukan littafin ka gwada.

Sai maganar biya, wadda na fi jin kunyarta. Farashin da ya fara sawa dala 215 ne. Ya ce in muka fita daga manhajar cinikin na tura masa kai tsaye a matsayin kuɗin 'yan uwa da abokai, zai cire kason da ake yanka ya bar mini a 190. Na ga ragin dala 25, na manta cewa irin wannan turawar ba ta da kariyar mai saye. Da na kai ƙara aka ce ba a kan dandalinsu aka yi cinikin ba. Dala 25 na bi, na zubar da 190. Kuma wallahi na san ba a cinikin biri yana sama, ni nake gaya wa mutane.

Ku nemi bidiyo, ba hoto ba: hannu ɗaya, ba yankewa, daga bango zuwa shafin haƙƙin mallaka zuwa shafin ƙarshe, littafi bakwai sau bakwai. In ya ce leda, ku bar masa ledarsa. Kada ku biya a waje.

Hotunan na nan tafe da daddare. Akwai wanda ya turo mini saƙo ɗazu cewa shi ma labarin ledar aka ba shi, da wani suna daban, shi dala 200 aka karɓa.