Sharhi: Gibson ES-175 ƙirar 1956, tsohuwar jitar jazz mai holoƙon ciki

Wadda ke hannuna mai fikof ɗaya ce, wato na'urar ɗaukar sautin nan da ake kira P-90, kuma daga masana'antar Gibson ta Kalamazoo a jihar Michigan ta Amurka ta fito. Ta hannu na saya a wurin wani dillalin tsofaffin kayan kiɗa a Landan. Na daɗe ina kaɗa ta a gida da kuma a zaman kiɗan dare na otal, mu uku, da mai ganga da mai bes.

A 1949 aka fara fito da wannan samfuri a kan dala 175, wanda shi ne asalin lambar da ke jikin sunan. A lokacin ba ita ce sarauniyar gidan ba. L-5 ce ta manya, wadda ake sassaƙa fuskarta daga katakon spruce ɗungurungum, irin wadda Wes Montgomery ya yi suna da ita yana kaɗawa da babban yatsa. Ita kuwa ES-175 siraran yankan katakon maple aka jera aka manne, aka matse su suka yi doro. A taƙaice dai filawud ce, kuma har gobe akwai masu yatsina fuska idan sun ji haka.

Ni kuwa wannan filawud ɗin ne ya sa nake sonta. Fuskar ba ta rawa sosai, don haka in ka taɓa tsirkiya sautin yakan fito da ɗan dum mai kauri, ya yi abin da zai yi, ya kauce, kamar an daki ganga an ɗora tafi a kan fatar. A kiɗan bebop, wani salon jazz inda sautuka ke bin juna a guje, haka ake so: kowanne ya tsaya da ƙafarsa, kada na baya ya hau kan na gaba. Duk wanda ya saurari Joe Pass ko Jim Hall ko Herb Ellis ya san muryar da nake nufi, domin dukkansu sun daɗe da wannan samfuri a hannu. Pat Metheny ma ya shekara da shekaru yana yawo da tasa. In ba a jona ta da amfilifaya ba, muryarta siririya ce, ba ta burge kowa. Da ma ba don haka aka yi ta ba.

Tsawon tsirkiya daga ƙarshen wuya ta wajen kai zuwa jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuskar jita, inci 24 da kwata uku ne, na L-5 kuwa 25 da rabi. Bambancin kaɗan ne a takarda, amma yatsun hagu suna jin sa idan ana kama haɗin sauti mai faɗi. Na sa mata tsirkiyoyi masu santsi, lamba 12, na rage maɓallin zaƙin murya zuwa kusan rabi, shi ke nan. Ban taɓa jin ina kewar fikof na biyu ba.

Sai dai cikin nan fanko ne, faɗinsa ya ɗan haura inci 16, kaurinsa ya wuce inci 3. Ƙara murya kusa da lasifika, sai ta fara kuwwa, halin duk jita mai irin wannan ciki ke nan. Nakan ajiye amfilifaya ta ɓangaren wuyan jitar, ɗan nesa da bayana. P-90 kuma yana da ɗan kugi, musamman a ɗakin da wayoyin lantarkinsa ba su da kyau ko ana kan janareto. Maganin wannan kugi ne ya sa aka koma fikof ɗin humbucker na Seth Lover, injiniyan Gibson, a 1957, kuma samfuran waɗannan shekaru sun fi tawa tsada nesa ba kusa ba. A kunnena dai P-90 ya fi fito da bakin kowane sauti.

Jakin ba a manne yake ba, tsirkiyoyi ne suke danne shi. Wanda ya kwance su gaba ɗaya zai ga ya zame, sai a riƙa canzawa ɗaya bayan ɗaya. Da hunturu kuma nakan sa ɗan soso mai laima a cikin akwatinta, don bushewar iska tana sa katakon wuya ya tsuke, bakin ƙarafunan su fito suna kartar hannu. Jikin dai bai taɓa tsagewa ba, wani alherin filawud ke nan.

Mai niyyar saye ya duba bayan kai da kyau, nan ne aka fi samun tsohon karaya da aka ɗora. Ya leƙa ta ramukan fuska ya ga ko sandunan ciki sun saki, domin in sun saki fuskar takan lotsa. Ya kuma nemi takardu, saboda allon wuyan na wancan zamani katakon rosewood na Burazil ne, wanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta tsaurara fataucinsa tun 1992, kuma ana iya tsare jitar a kan iyaka. In kuɗin bai kai ba, ES-125 ta shekarun 1950 ma filawud ce mai P-90, muryarsu kusan ɗaya, kuma ta fi sauƙin kuɗi sosai.