Ƙaramin bugun Thoreau na Faransanci: ya cancanci kuɗinsa?

Ga mai karatu a Damagaram, hanya mafi sauƙi ta sanin Henry David Thoreau, marubuci Ba'amurke, ita ce ƙaramin bugun aljihu na La Désobéissance civile, fassarar Faransanci ta maƙalarsa kan ƙin bin doka marar adalci. Maƙalar ta fito a 1849, bayan ya kwana ɗaya a kurkukun garin Concord na Amurka a 1846 don ya ƙi biyan harajin kai, yana adawa da bauta da yaƙin Amurka da Meziko. Hujjarsa mai kaifi ce: lamirin mutum na gaba da doka marar adalci. Raunin kuwa, bai ce komai ba kan wanda zai haƙa rijiya ko ya gina asibiti in gwamnati ta ja baya, tambayar da ɗan Zinder mai jiran ruwan famfo ba zai tsallake ba.

Nemi bugun da ke da gabatarwa da bayanan ƙasan shafi, in ba haka ba zancen harajin zai rikitar da kai. Wani littafinsa, Walden na 1854, ya fi tsawo, kuma babin farko, na lissafin kuɗin gina bukkarsa, yana da nauyi.

Gam ɗin bayan irin wannan bugu yakan tsage da zafin Afrilu. A kai wa mai ɗinkin littafi tun yana sabo.